Sharhin Macbeth na jiranka: littafi mai bayani, intanet, taƙaitawa ko fim?

Duk wanda ya taɓa koyar da adabin Ingilishi ya san wannan tambayar. An ba 'yan aji aikin rubuta sharhi a kan Macbeth, wasan ban tausayin nan na William Shakespeare, saura mako uku a miƙa. Ana tashi sai wani ya biyo ka ya ce, "Malam, in na kalli fim ɗin ai ya wadatar, ko?" Wata kuma ta tsaya a bakin ƙofa, kuɗin littafi ɗaya ne tak a hannunta, ta ce, "Malam, bugu kala-kala na gani, wanne zan ɗauka?" Ba na son in ce musu su nemi duka, domin ba kowa ke da kuɗin ko lokacin hakan ba. Wannan rubutu amsa ce gare su da duk wanda ke cikin irin ruɗaninsu.

Akwai abu ɗaya game da wasan da ke sauƙaƙa zaɓi. An rubuta shi wajajen 1606, amma ba a buga shi ba sai 1623, shekara bakwai bayan mutuwar marubucin, a cikin babban kundin wasanninsa da ake kira First Folio. Wannan shi kaɗai ne tsohon matanin da ya iso mana. Ke nan duk bugun da ka ɗaga yau daga tushe guda ya fito, labarin ba ya canzawa. Abin da ke bambanta su shi ne bayanin da ke gefe, da lambobin layuka, da gyare-gyaren editoci. Kuma wasan gajere ne. Shi ne mafi gajarta a wasannin ban tausayin Shakespeare, Hamlet ya kusa ninka shi biyu. Mai himma zai karance shi a zama uku ko huɗu.

Ma'aunan da zan yi amfani da su

Na farko kuɗi. Na biyu ƙarko, wato ko abin zai jure jaka da alƙalami har ƙarshen shekara, kuma ko zai sake yi maka amfani ranar jarrabawa bayan an wuce maganar sharhi. Na uku sauƙi ga wanda Turancin shekara 400 da suka wuce ke yi wa nauyi. Na huɗu haɗari, kuma shi na fi ba muhimmanci. Abin da nake nufi da haɗari iri biyu ne: hanyar da ka bi ta cusa maka abin da babu shi a wasan ka rubuta shi da sunan Shakespeare, ko ta ɓoye maka abin da ke ciki wanda shi ne zai ɗaga sharhinka. Mai duba takarda ya riga ya san cewa Macbeth ya kashe Sarki Duncan ya hau gadon mulkin Sikotland, ya sa an kashe abokinsa Banquo da iyalan Macduff, daga ƙarshe Macduff ya sare kan Macbeth. Abin da yake nema shi ne ka nuna masa da waɗanne kalmomi aka gina wannan faɗuwar.

Bugun makaranta mai bayani a gefe

A nan akwai Folger, da Cambridge School Shakespeare, da Oxford School Shakespeare. Folger, wanda ɗakin karatun Folger da ke Washington ke fitarwa, yana sa matani a shafin dama, bayanin kalmomi a shafin hagu, da 'yar taƙaitawa kafin kowace fitowa. Na Cambridge ma matani a dama yake, amma hagunsa cike yake da ayyukan aji: ku karanta wannan bi da bi, ku gwada faɗin wancan da fushi sannan da tsoro. Na Oxford bayanin yana kusa da layin da yake fassarawa, ido ba ya tafiya nesa.

Kuɗinsu matsakaici ne, ƙaramin Folger ya kan fi sauran araha, kuma ana samun na hannu da yawa tunda duk shekara wasu ɗalibai na gamawa da shi. Wajen ƙarko, duk ƙaramin littafi mai bangon takarda da aka haɗa da gam yana gajiya in ana danne shi a buɗe, don haka a yi masa bango tun ranar farko. Masu faɗin shafi sun fi ba da wurin rubutu, kuma littafin da ka cika gefensa da rubutunka shi ne zai cece ka a makon jarrabawa.

Amfanin bayanin gefe ba a kalmomi masu wuya ya fi fitowa ba. Kalma mai wuya kana ganinta za ka tsaya ka nema. Matsalar tana cikin kalmomin da kake tsammanin ka sani. A kashi na 1, fitowa ta 4, Malcolm, babban ɗan Duncan, yana ba da labarin yadda aka kashe tsohon hakimin Cawdor, ya yi amfani da kalmar owed. Ɗalibi zai ɗauka maganar bashi ake yi, alhali a Turancin wancan zamani ma'anarta abin da mutum ya mallaka. A kashi na 4, fitowa ta 2, ɗan aiken da ya zo gargaɗin matar Macduff ya ce doubt, kuma ba shakka yake nufi ba, tsoro yake ji cewa haɗari ya kusato ta. Haka matsafan nan uku da ake kira weird sisters. Yau kalmar na nufin abu mai ban mamaki, amma asalinta ƙaddara take nufi. Wanda ya san haka ya samu sakin layi guda na sharhi a kan tambayar da ke tsakiyar wasan: ƙaddara ce ta ja Macbeth, ko shi ya ɗauki wuƙa da hannunsa?

Bayanin kuma yana kawo tarihi daidai gwargwado. A 1603 Sarki James na Sikotland ya gaji sarautar Ingila, ƙungiyar 'yan wasan Shakespeare ta koma ƙarƙashin inuwarsa. Wannan sarki ya rubuta littafi a kan tsafi a 1597, kuma gidansu na danganta kansa da Banquo. A littafin tarihin Holinshed na 1587, inda Shakespeare ya ɗebo labarin, da hannun Banquo a kisan Duncan. A wasan kuwa an wanke shi tas. Mai gadin ƙofar nan mashayi da ke surutu bayan kisan, yana ambaton mai magana da harshen damo, masana da yawa na ganin shaguɓe ne ga Henry Garnet, limamin Katolika da aka yanke wa hukuncin kisa a 1606 saboda makircin tarwatsa majalisar Ingila na 1605. Da ka ji haka sai ka lura cewa alkawuran matsafan ma duk harshen damo ne: ba wanda mace ta haifa da zai cuce ka, ba za a ci ka da yaƙi ba sai dajin Birnam ya tako zuwa Dunsinane.

Haɗarin wannan hanya kaɗan ne. Guda ɗaya da nake gani kullum shi ne lambobin layi. Inda ake magana a zube, kamar wurin mai gadin ƙofa, tsawon layi ya danganta da faɗin shafi, sai lambobi su saɓa tsakanin bugu da bugu. Tambayi malaminka wanne yake riƙe da shi kafin ka biya.

Bugun masana

Arden shi ne fitacce. Bugunsa na 2015, wanda Sandra Clark da Pamela Mason suka shirya, yana da doguwar gabatarwa, kuma a wasu shafukan bayanin da ke ƙasa ya fi matanin yawa. A nan za ka tarar da muhawarar ko Thomas Middleton, wani marubucin wasanni na zamanin, shi ne ya ƙara wuraren da Hecate, uwargijiyar matsafan, ke fitowa. Ya fi na makaranta tsada, yana kuma daɗewa yana amfani, har jami'a da bayanta. Amma ga ɗan sakandare mai mako uku, nauyi ne. Na ga masu ƙwazo sun nutse a cikin ra'ayoyin masana har suka rasa nasu.

Matanin kyauta a intanet

Wasan ya daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, don haka yana nan kyauta a Project Gutenberg da shafin jami'ar MIT da wurare barkatai. Da yawansu daga bugun ƙarni na 19 aka kwafo su, babu bayani, wasu ma babu lambar layi. Wanda ya fi dacewa shi ne na shafin Folger, domin matani ne da editocin zamani suka tace kuma lambobinsa sun dace da littafinsu na takarda.

Abin da wannan hanya ta fi kowace a kai shi ne bincike. Rubuta blood ko sleep a akwatin nema, cikin daƙiƙa ka ga duk inda jini da barci suka fito tun daga farko har ƙarshe. Aikin yini guda ne da littafin takarda. Ƙarkonta kuwa ƙarkon wayarka ne da cajinta, kuma karatu a waya yana tare da saƙonnin da ke faɗowa. Haɗarin shi ne ka wuce owed da doubt ba tare da kowa ya taɓa ka ya ce tsaya ba.

Tsohon Turanci da na yau gefe da gefe

No Fear Shakespeare na kamfanin SparkNotes shi aka fi sani: asalin matani a shafi ɗaya, Turancin yau a ɗaya shafin. Kuɗinsa bai wuce na bugun makaranta ba, kuma wajen sauƙi babu kamarsa a cikin littattafai. Ban raina shi ba. Ɗalibin da ya buɗe kashi na 1, fitowa ta 2, ya ci karo da jawabin sojan nan mai jina-jina ya ji kamar ya rufe littafin har abada, wannan bugu na iya riƙe shi.

Sai dai ido malalaci ne. Shafi biyar ana duba ɓangarorin biyu, daga nan sai a zarce da mai sauƙin kaɗai. Ga abin da ake asara. Yawancin wasan a waƙe yake, layi mai gaɓa goma da bugu biyar. Matsafan suna magana da gajerun layuka masu amsa-amo, kamar masu surkulle, kunne na jin cewa ba irin sauran mutane ba ne. Matar Macbeth, wadda ta yi ta tsara magana a waƙe lokacin da take zuga mijinta, da ta fito tana tafiya cikin barci a kashi na 5 sai maganarta ta wargaje ta koma zube. Lalacewar hankalinta a cikin ƙirar maganar take. Juyi zuwa Turancin yau yana mai da kowa mai magana a zube, sarki da matsafa da mai gadi duk murya ɗaya.

Dubi kuma kashi na 2, fitowa ta 2. Macbeth ya fito daga ɗakin Duncan yana kallon hannunsa, yana cewa duk ruwan teku ba zai wanke jinin ba, sai dai hannun ya rina tekun. Ya faɗi haka da manyan kalmomi biyu masu cika baki, multitudinous da incarnadine, sannan nan take ya maimaita da ƙananan kalmomi, kore ya koma ja, kamar wanda ya gaji da ɓuya a bayan manyan kalmomi. Matarsa ta amsa cewa ɗan ruwa kaɗan zai wanke su. Can a kashi na 5 ita ce ke murza hannu tana cewa duk turaren ƙasar Larabawa ba zai ƙamsasa wannan ɗan hannun ba. Kalmar little ce a wuraren biyu, ɗan ruwa da ɗan hannu. Irin wannan zaren shi ake biya da maki, kuma sai a asalin matani ake kama shi. Kuskuren da ya fi ciwo shi ne ɗalibi ya kwafo jimla daga shafin Turancin yau ya sa ta cikin alamar zance ya ce Shakespeare ne ya faɗa. Na sha cin karo da shi.

Taƙaitawa da littattafan bita

York Notes, CliffsNotes, shafukan taƙaitawa na kyauta, har da tsohon Tales from Shakespeare na Charles da Mary Lamb na 1807 da aka rubuta don yara. Ba su da tsada, wasu kyauta ne, cikin awa ɗaya ka san labari da jigogi. Suna da amfani kafin karatu don kada ka ɓata a hanya, da kuma daren jarrabawa don tuni. Amma sharhin da aka gina a kansu kaɗai ana gane shi tun daga layin farko, domin rabin aji daga rijiya ɗaya suka sha: buri, laifi, ƙaddara, jere iri ɗaya da misalai iri ɗaya. In kuma aka kwafo jimlolinsu kai tsaye, an shiga satar fasaha, wadda hukuncinta ya fi ƙarancin maki muni.

Kallo da sauraro

Don dandamali aka rubuta wasan, saboda haka mai son kallo yana da hujja. Akwai wuraren da sai an ji su da kunne. 'Yan gajerun tambayoyin da miji da mata ke jefa wa juna bayan kisan, ka ji wani motsi, yaushe, yanzu, a takarda tamkar ba komai, a bakin ƙwararrun 'yan wasa kuwa numfashi suke ɗaukewa. Amma kowane darakta mai sharhi ne shi ma, yana yankewa yana ƙarawa.

Wata ɗaliba ta taɓa miƙo mini sharhi mai kyawun rubutu, ta buɗe shi da cewa wasan ya fara da jana'izar ɗan Macbeth, kuma baƙin cikin rashin ɗan ne ya kai su ga kisa. Na kira ta na ce, "Nuna mini shafin." Ta juya littafin gaba da baya, ta yi shiru, sannan ta ce, "Wallahi Malam na gani da idona." Ta gani ɗin, amma a fim ɗin Justin Kurzel na 2015, wanda Michael Fassbender da Marion Cotillard suka fito. A matani wasan da matsafa uku ya fara, cikin tsawa da walƙiya. Abin da ke akwai game da ɗa shi ne matar ta ce ta taɓa shayarwa, Macduff kuma daga baya ya yi maganar wanda ba shi da 'ya'ya. Da ta rubuta cewa daraktan ya gina fassararsa a kan waɗannan layukan, da ta ci maki mai yawa. A wannan fim ɗin kuma ƙona iyalan Macduff aka yi, wanda ba haka yake a wasan ba.

Fim ɗin Roman Polanski na 1971 ya nuna kisan Duncan ƙuru-ƙuru, alhali Shakespeare ya ɓoye shi a bayan dandamali ya bar mu da hannu mai jini kawai. Ya kuma ƙara wani ƙarshe inda Donalbain, ƙaramin ɗan Duncan, ke neman matsafan. Akwai tsiraici da zubar da jini sosai a cikinsa, ba na kallo da yara ba ne. Na Joel Coen na 2021, baƙi da fari, da Denzel Washington da Frances McDormand, ya riƙe kalmomin Shakespeare da kyau duk da an rage su, Kathryn Hunter ita kaɗai ta taka matsafan uku. Amma shi da na Polanski duk sun mai da Ross, ɗaya daga cikin hakiman Sikotland, makashi na uku a kisan Banquo, mutumin da matani bai faɗi ko wane ne ba. Na Rupert Goold na 2010 da Patrick Stewart ya kai labarin zamanin bindiga, matsafan suka zama ma'aikatan jinya.

Wanda na fi amincewa da shi ga ɗalibi shi ne wasan da Trevor Nunn ya shirya wa Royal Shakespeare Company a 1976 aka ɗauka don talabijin a 1979, da Ian McKellen da Judi Dench. Ɗan ƙaramin fili ne, kusan babu kayan ado, kyamara na kan fuska, komai ya rataya a kan magana. Za ka iya buɗe littafi a cinya kana bi. Karatun murya ma haka, akwai na Arkangel da ƙwararru suka yi ba tare da yanke komai ba, akwai na LibriVox kyauta wanda 'yan sa-kai suka karanta, ingancinsa hawa da sauka.

Throne of Blood na Akira Kurosawa, 1957, da Maqbool na Vishal Bhardwaj, 2003, manyan finafinai ne, amma labarin suka ara suka kai Japan da Mumbai. A na farko sojojin jarumin ne suka kashe shi da kibau, a na biyu 'yan sanda biyu ne a madadin matsafa. A ajiye su sai an miƙa sharhi.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Bugun makaranta | Matsakaici | Har jarrabawa, in an kula | Mai kyau | Kaɗan: saɓanin lambar layi |
| Bugun masana | Mai tsada | Shekaru | Mai nauyi | Nutsewa a ra'ayin wasu |
| Matanin intanet | Kyauta | Gwargwadon waya | Mai wuya, ba bayani | Kuskuren ma'anar kalma |
| Gefe da gefe | Matsakaici | Amfaninsa na raguwa bayan karatun farko | Mafi sauƙi | Asarar salo, kwafo jimlar da ba ta asali ba |
| Taƙaitawa | Araha ko kyauta | Na bita kawai | Awa ɗaya | Babba: sharhi iri ɗaya, satar fasaha |
| Fim | Haya ko biyan wata | Ba a shiga da shi jarrabawa | Mai daɗi | Babba: ƙari da ragi |
| Wasan dandamali ko murya | Kyauta zuwa matsakaici | Ana maimaitawa | Mai kyau tare da littafi | Kaɗan |

Wa ya dace da me

Mai kuɗin littafi ɗaya, kamar ɗalibar da ta tsaya a bakin ƙofa, ta sayi bugun makaranta irin na hannun malaminta, ko da na hannu ne. Wanda ba shi da ko sisi ya sauke matanin Folger, ya haɗa da karatun LibriVox, ya ari littafin abokinsa na dare biyu ya kwafe bayanin kashi na 1 da na 2, inda harshen ya fi tauri.

Wanda Turancin ke neman kayar da shi ya ɗauki na gefe da gefe, da sharaɗi guda: ya rufe shafin mai sauƙi da takarda, sai ya gwada na asali sau biyu kafin ya leƙa, kuma duk abin da zai sa a alamar zance daga shafin asali zai fito. Malami mai shirya darasi da ɗalibin jami'a su ne masu Arden. Ƙungiyar da ke son taka wasan a makaranta ta fi buƙatar na Cambridge saboda ayyukan da ke shafin hagu.

Wanda ya bari sai saura kwana biyu, an san ba a fafe gora ranar tafiya, amma akwai abin da zai iya cetowa. Ya karanta taƙaitawa don ya riƙe zaren labari, sannan ya zauna da asalin matani a fitowa huɗu: kashi na 1 fitowa ta 7 inda matar ke karya taurin mijin, kashi na 2 fitowa ta 2 bayan kisan, kashi na 3 fitowa ta 4 inda fatalwar Banquo ta zauna a kujerar sarki, da kashi na 5 fitowa ta 1 inda matar ke tafiya cikin barci. Mai son fim kuma ya kalla bayan ya gama karatu, littafi a buɗe, fensir a hannu, duk inda allo ya saɓa da shafi ya yi alama, ya rubuta sunan daraktan da shekarar fim ɗin a gefe.